Bawul ɗin Injin Ban-ruwa: A Duba Cikinsa Kafin a Saya

Sanin kowa ne cewa noman rani a fadamun ƙasar nan ya canja kama tun lokacin da ƙananan injunan fetur suka maye gurbin jigo. Shirin Fadama na farko, wanda aka gudanar daga 1993 zuwa 1999 da tallafin Bankin Duniya, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa rijiyoyin bututu marasa zurfi da injuna masu baki inci 2 da inci 3, har ya zama da wuya mutum ya bi gaɓar kogin Kaduna ko Neja ko Binuwai ko Haɗeja a watan Janairu bai ji kukansu ba. A tsawon waɗannan shekaru an koya wa manomi juyen baƙin mai da wanke fulogi da ajiye inji a inuwa. Amma akwai wani ɗan abu a ƙarshen tiyon zuƙo ruwa, ba a ganinsa domin kullum yana nutse, wanda ba kasafai ake ambatonsa a taron manoma ba. Wannan abu shi ne bawul mai hanya ɗaya, wanda ke barin ruwa ya hau amma ya hana shi komawa.

Ra'ayina shi ne, yadda muke sayen wannan bawul ba daidai ba ne. Manomi kan shiga shago ya ce a ba shi na inci 2, mai shago ya miƙo wanda ke kusa da hannunsa, a yi ciniki a rabu. Alhali incin da aka rubuta a jikinsa faɗin bakin da za a ɗaura wa tiyo kawai yake nunawa. Bai ce komai ba game da hanyar da ruwa zai bi a ciki, kuma a nan ne bambancin yake.

Kafin a fahimci dalili, sai an san yadda injin ke ɗebo ruwa. Farfelar da ke juyawa a cikinsa tana iya cilla ruwa, amma ba ta iya cilla iska yadda ya kamata. Idan ta kori ruwan da ke cikin tukunyar injin, sai wurin ya zama kamar fanko, nauyin iskar sararin sama da ke danne fuskar kogi ko rijiya kuwa sai ya turo ruwa cikin tiyo ya cike gurbin. Wato iska ce ke turowa daga ƙasa, inji gurbi kawai yake yi mata. Ƙarfin wannan turi yana da iyaka. A bakin teku bai wuce ya ɗaga ruwa mita 10 da ɗan ɗori ba, a aikace kuwa mita 7 zuwa 8 ne iyakar abin da inji mai lafiya ke samu. Idan ƙasa ta yi tudu abin yana ƙara raguwa: masu noman lambu da ruwan tsofaffin ramukan kuza a tsaunin Jos, inda tudun ya kai kimanin mita 1,200, sun yi asarar kusan mita ɗaya da rabi tun kafin su tayar da inji. Saboda haka waɗannan mitoci 7 ko 8 tamkar jari ne ƙayyadadde. Zurfin ruwa yana cin rabonsa, tsawon tiyo da lanƙwasarsa suna cin nasu, bawul ma yana cin nasa. Duk abin da bawul ya ci an rage shi ne daga ruwan da zai isa gona.

Ana buƙatar abu biyu daga bawul, kuma ba sa jituwa da juna. Ana son ya buɗe cikin sauƙi ya ba ruwa hanya mai faɗi idan inji na aiki, ana kuma son ya rufe da sauri, ruf, da zarar inji ya tsaya. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga misalinsa a zugazugin fata: mai zuga yana buɗe bakin fatar da yatsunsa iska ta shiga, ya matse ya danna ta wuce wuta. Hannunsa shi ne bawul, yana kuma da hankalin da zai san lokacin buɗewa da rufewa. Bawul ɗin tiyo ba shi da hankali, sai abin da maƙerinsa ya tsara masa, kuma kowane tsari yana fifita ɗaya daga cikin ayyukan nan biyu a kan ɗaya.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwanninmu. Na farko mai murfi ne: faifan roba ko na fata da aka liƙa wa ɗan ƙarfe don nauyi, an kama shi ta gefe guda kamar ƙyaure. Ruwa na tasowa sai ya ture shi gefe, hanya ta buɗe kusan gaba ɗaya, idan ruwa ya juya baya kuma sai ya faɗo ya rufe. Na biyu mai sifirin ne: faifai a kan ɗan sanda a tsakiyar hanya, sifirin na danna shi a kan mazauninsa. Wannan yawanci da tagulla ake yin sa, yana ƙyalli, yana da nauyi a hannu, shi ya sa ido ke saurin zaɓensa. Amma ko ya buɗe iyakar buɗewarsa faifan yana nan tsakiyar hanya, dole ruwa ya fara ture sifirin, sa'an nan ya kewaya ta gefen faifan ta wani siririn zobe. Akwai kuma mai ƙwallo, wanda ya fi jure ruwa mai laka da ciyayi domin ƙwallon na juyawa yana share kansa, sai dai ba ko'ina ake samunsa ba.

Alƙaluman da injiniyoyi ke lissafin bututu da su sun nuna cewa, a girma ɗaya da gudun ruwa ɗaya, bawul mai faifai a tsakiya yana tauye ruwa fiye da ninki biyar na mai murfi. Mu ɗauki injin inci 2 da ke ba da lita 300 a minti. A cikin tiyonsa ruwa na gudun kimanin mita 2 da rabi a daƙiƙa. A wannan gudu mai murfi zai ci kusan rabin mita daga jarin nan namu, mai sifirin kuwa zai ci kusan mita 2 da rabi. Idan ruwan rijiya yana mita 3 ƙasa da inji, kamar yadda akan samu a Nuwamba da Disamba, manomi ba zai lura da komai ba. Amma idan aka shiga Maris da Afirilu, ruwa ya ja baya zuwa mita 5 ko 6, sai lissafi ya cika ya batse. Ruwan da ke fita ya ragu, a riƙa jin ƙara a cikin inji kamar ana niƙa tsakuwa. Ba tsakuwa ba ce. Matsi ne ya yi ƙasa sosai a bakin farfela har ruwa ya fara tafasa da sanyinsa, kumfar da ta taso kuma tana fashewa a jikin farfelar tana sassaƙarta a hankali. A nan sai a ce inji ya tsufa, ko rijiya ta ƙafe, a kira bakanike ya kwance kafireta, alhali mai laifin yana can ƙarƙashin ruwa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi ke tsone maka ido.

Wannan lokaci na ja da bayan ruwa shi ne kuma lokacin da amfanin gona ba ya yafe jinkiri. Albasa saiwarta ba ta da zurfi, idan ƙasa ta bushe tana tsakiyar yin kai sai kan ya tsaya ƙarami ko ya rabu biyu. Tumatir da aka bari ya sha ƙishirwa sa'an nan aka malale shi da ruwa yakan tsage, ko ƙasan 'ya'yan ya yi baƙi ya ruɓe, abin da manoma da yawa ke ɗauka cuta ce har su sayi magani su fesa a banza. Shinkafar rani da ta rasa ruwa tana fure sai ta cika da ƙaiƙayi. Manomin da injinsa ke ba da rabin ruwan da ya saba bayarwa ba ya ninka lokacin ban-ruwa, domin ba shi da kuɗin man. Rage wa kowace fangali rabonta yake yi, ko ya tsallake kwana. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa a ƙarshen 2024, kowane minti da inji ya yi yana kuka ba ruwa ya zama asarar da ake ji a aljihu.

Akwai manoman da ke cire bawul gaba ɗaya su bar rariya kawai, suna cewa ruwa ya fi gudu haka. Suna da gaskiya daidai gwargwado, bai kuma kamata malamin gona ya yi saurin ƙaryata su ba. Yawancin injunan fetur ɗin nan suna da nasu ɗan murfin roba a ciki, daidai bakin da ake ɗaura tiyo, wanda ke riƙe ruwan tukunya, kuma da wannan ruwa injin ke fitar da iskar tiyo da kansa. Wanda ke jan ruwa daga kogi ko tafki, injinsa na zaune mita ɗaya ko biyu sama da ruwa, rariya mai kyau ta ishe shi. Amma sabon inji ma yakan ɗauki minti biyu zuwa uku kafin ya kamo ruwan da ke zurfin mita 5, wanda yashi ya cinye wa farfela kuwa yakan daɗe fiye da haka nesa, ko ya kasa. A duk tsawon wannan jira ruwan tukunya yana ɗumama, idan kuma ya ƙare sai sil ɗin da ke hana yoyo a bayan farfela ya yi ta gogayya a bushe har ya ƙone. A tuna kuma cewa kowace mita ta tiyon inci 2 tana ɗaukar kusan lita 2, ta inci 3 kuwa kusan lita 4 da rabi. Tiyon inci 3 mai tsawon mita 7 yana shanye fiye da jarka mai lita 25. Idan ba bawul, ko kuwa yana yoyo, wannan ruwa duka komawa yake yi duk lokacin da aka kashe inji don a ƙara mai ko a matsar da tiyo, kuma sau da yawa yara ne ake turawa su yi ta ɗebo na ɗuri da bokiti.

Har ila yau, ruwan da ke komawa da ƙarfi cikin rijiyar bututu yana motsa yashin da ya zauna a kewayen tsage-tsagen ƙasanta. Idan aka sake tayarwa sai inji ya fara da zuƙo yashi. A rijiyar da ake haɗa inji da bakin bututunta kai-tsaye, ba a zura tiyo a ciki, ana ɗaura bawul ɗin ne a saman bututun kafin inji. Aikinsa ɗaya ne, muddin dai babu inda iska ke shiga a mahaɗa.

Don haka, ga ruwan fadama mai yashi da laka, a kan injin da ke zuƙowa daga sama, ni mai murfi nake ba da shawara, ko da bai kai na tagulla kyan gani ba. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta maƙale tsakanin faifai da mazaunin ƙarfe ta isa ta sa bawul yoyo dare guda, roba mai laushi kuwa tana lanƙwasawa ta rufe a kanta. Sandan da ke tsakiyar mai sifirin yana kama zaren ciyawa da gansakuka, sifirin ɗin kuma idan ba na ƙarfen da ba ya tsatsa ba ne, rani ɗaya ya ishe shi. Uwa-uba, mai murfi ana gyara shi a gona. Idan robar ta tsage ko ta sandare, sai a kwance ƙusoshi, a ɗora tsohuwar a kan tsohon tiyub na mota a yanka sabuwa daidai da ita, a mayar da ɗan ƙarfen nauyin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda gonarsa ke tafiyar rabin yini daga shagon kayan famfo. Abin kiyayewa kawai shi ne kada fetur ko baƙin mai ya taɓa robar, domin suna kumbura ta ta daina zama daidai. Wanda kuwa bai sami komai ba sai mai sifirin, to ya sayi wanda ya fi bakin injinsa girma. Idan aka sa wa injin inci 2 tiyo da bawul na inci 3, gudun ruwa a ciki yana raguwa fiye da rabi, abin da bawul ke ci kuma ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Rariyar da ke ƙasan bawul ma ɓangare ce ta tsarinsa. Idan aka tara faɗin hujojinta gaba ɗaya, ya kamata su ninka bakin tiyo sau uku ko huɗu, domin ganye da leda za su toshe wasu. Kada a bar ta kwance a kan laka, kada kuma ta yi kusa da fuskar ruwa har ta riƙa yin guguwa tana zuƙo iska. Wasu manoma kan saka ta cikin kwando ko tsohon bokiti da aka huhhuda, wasu su rataye ta a jikin jarka mai iyo yadda za ta tsaya kamar rabin mita ƙarƙashin ruwa. Duka dabarun biyu suna da kyau. Mai murfi yana son a tsayar da shi ko a ɗan jingine shi, domin idan ya kwanta a gefen da bai dace ba murfin ba zai faɗo ya rufe ba.

Sai dai kada a ɗauki wannan shawara a kai ta inda ba wurinta ba. Tsadar fetur ta sa da yawa sun koma famfo mai aiki da hasken rana, wanda ake nutsar da shi cikin rijiyar burtsatse. Wannan famfo turowa yake yi daga ƙasa, don haka maganar jarin mita 7 ba ta shafe shi ba. Damuwarsa ita ce nauyin ruwan da ke tsaye a bututu samansa, mita 30 ko 50 ko fiye. Gajimare ko ƙurar hunturu na gittawa sai ya tsaya, wannan ruwa kuma ya juyo ƙasa. Murfi yana jira ne sai ruwa ya juya sa'an nan ya faɗo, kafin nan ruwan ya riga ya ɗauki gudu, sai a ji bugu kamar an doki bututu da guduma. Masanin Rasha Nikolai Zhukovsky ya bayyana lissafin wannan bugu tun 1898 a kan bututun ruwan birnin Mosko. Ruwa mai gudun mita ɗaya a daƙiƙa, idan aka tsayar da shi farat ɗaya, yana ƙara matsi daidai da tsayin ruwa fiye da mita 100 a bututun ƙarfe, mita 30 zuwa 50 a na roba. Shi ke tsaga mahaɗa, yana ɓalle gam. Sifirin kuwa yana rufe faifai tun ruwa na rage gudu, kafin ya juya, shi ya sa a nan shi ne daidai, kuma masu ƙera irin waɗannan famfuna suna hana sa mai murfi a bututun rijiya. Idan babu bawul ko ya lalace, ruwan da ke saukowa yana juya farfela baya, rana kuma na sake buɗewa a wannan hali motar za ta tashi da ƙarfi gaba da juyin, wanda kan iya karya sandanta. A rijiya mai zurfi akan ƙara bawul a bututu duk bayan kimanin mita 60. A nan kuma girma fiye da kima illa ne, domin da safe da yamma ruwan famfon rana kaɗan ne, bawul mai faɗi ba zai buɗe sosai ba, sai faifan ya yi ta kaɗawa yana cin mazauninsa.

Bugu da ƙari, duk wanda ke zuba taki ko magani a tankin ban-ruwa na ɗigo wajibi ne ya sa bawul mai lafiya tsakanin tankin da rijiya. Tiyon da bakinsa ke nutse cikin tanki yana iya zuƙe abin da ke ciki ya mayar rijiya idan famfo ya tsaya, kuma rijiyar nan sau da yawa ita iyali da dabbobi ke sha.

Abin da nake roƙon 'yan'uwana malaman gona shi ne su mayar da wannan magana gwaji, domin manomi ya fi yarda da idonsa. Kayan aikin ba su wuce duro mai lita 200 da agogon waya da bawul iri biyu ba. A zaɓi gonar da ruwanta ya ja baya, a ɗaura na farko, a ƙirga daƙiƙoƙin da duro ya ɗauka kafin ya cika, a canja a ɗaura na biyu ba tare da an taɓa totur ba, a sake ƙirgawa. Lita 300 a minti tana cika duro cikin daƙiƙa 40. Idan ɗayan ya ɗauki 55 ko 60, kowa a wurin zai iya lissafa abin da hakan ke nufi a galan na fetur. Gwajin yoyo ma mai sauƙi ne: a cika tiyo da yamma, a ɗaga bakinsa a ɗaure a jikin turke, a dawo da safe. Idan ruwan ya sauka fiye da taƙi ɗaya, a kwance bawul a duba roba da mazauni, a kuma duba ɗaurin mahaɗa. A shago kuwa, kafin a biya kuɗi, a ɗaga bawul sama a leƙa cikinsa, a tura murfin da yatsa a ga iyakar buɗewarsa, sa'an nan a tsayar da shi a zuba masa ruwa ta sama a ga ko zai riƙe.

Haka nan hukumomi da ƙungiyoyin da ke raba wa manoma injuna, ya kamata takardar kwangilarsu ta fayyace irin bawul da girmansa da yawan hujojin rariya, ta kuma haɗa da robar canji guda biyu ko uku a cikin kwali, maimakon a rubuta inji da kayan haɗinsa kawai a bar ɗan kwangila ya cika da abin da ya fi araha. Cibiyar Bunƙasa Injunan Noma ta Ƙasa da ke Ilorin, wadda gwajin injunan gona ke cikin aikinta, tana da halin auna ire-iren bawul ɗin da ke kasuwanninmu ta fitar da sakamakon cikin Hausa da sauran harsuna. Kafin a kai ga haka, ƙungiyoyin masu amfani da fadama za su iya sa duba bawul cikin ayyukan watan Oktoba, lokacin da ake fito da injuna daga ajiya, tare da juyen mai da gyaran kwalbati, yadda duk wanda robarsa ta sandare zai yanka sabuwa tun kafin a dasa tumatir.